Zaɓi Uku, Murya Ɗaya

Sana'ata gyaran akwatin tafiya. Zif ya ƙi ja, taya ta karye, hannu ya tsinke, mutum ya manta lambar makullinsa ga mota tana shirin tashi, duk wurina ake kawowa. Shagona yana layin bayan tasha, ɗakin kwanana yana bayan shagon, labule ne kawai tsakaninsu. A nan na yi aure, a nan aka haifi 'yata tilo, a nan uwarta ta rasu, Allah Ya jiƙanta.

Akwati yana da wani hali da masu shi ba su sani ba. Tsakanin ƙyallen ciki da jikinsa akwai ɗan lungu. In ɗinki ya saki, ƙananan abubuwa sukan zurara su ɓuya a can shekara da shekaru. In na farke na tarar da abu, nakan nuna wa mai akwati. Yawanci sai ya ce ba nasa ba ne, shi ma na hannu ya saya. To, sai in ɗora a kan kantar shago. Ina da idon gilashi mai ruwan toka, wanda duk inda ka tsaya a shagon kai yake kallo. Ina da makulli mai haƙora ta gefe uku. Ina da 'yan safa, kowace ba ta fi babban yatsa ba, wani matafiyi ya rantse min wai na kare ne, a wata ƙasar karnuka ba sa fita haka nan in ana sanyi. Akwai kuma wata ƙwaya da na shuka a gwangwanin fenti, ta fito ta yi ganye mai gashi, har yau ban sami wanda ya san sunanta ba. In ta yi fure, shagon ƙamshin sabulu yake yi.

Ni ban taɓa barin ƙasar nan ba. Ina zaune, duniya ce take zuwa min a karye.

'Yata kuwa ta je ta gano da idonta. Farfesa ce a jami'a. Ni Uwata nake ce mata, don sunan mahaifiyata gare ta. Bokona bai yi nisa ba, littattafanta ina karanta su ne kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu, in taka wannan kalma in yi tsalle in kama waccan, wani lokaci in faɗa ruwa. Amma na gane aikinta. Ta ce min kaya suna yawo a duniya, matasa suna bin kayan don neman aiki, tsofaffi ne ake bari a baya. Ita tana bin tsofaffin nan ƙasa ƙasa, tana tambayarsu yadda suke, wa ke kula da su, me hukuma ta yi musu, me ta hana su, wane haƙƙi ne nasu da ba a faɗa musu ba. Ta zauna da su a gidajen katako da gidajen bene da tantuna. In ta dawo ta rubuta, manya su karanta, wani lokaci har a gyara doka.

Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne yadda ake tambayar. Ta ce babban laifi a wurinsu shi ne ka sa wa mutum magana a baki. Tsoho yana da saurin karanta fuska. In ya ga ka ɗan gyaɗa kai, zai bi ta nan don ya faranta maka, ka tafi da maganarka kana zaton tasa ce. Saboda haka ba a gyaɗa kai, ba a ɗaga gira, ba a nauyaya wata kalma a kan wata. Na taɓa leƙa ajinta na ga ɗalibai zaune bibbiyu, mai tambaya ya ɗora kofin ruwa a ka, in ya gyaɗa ya jiƙe. Na yi kwanaki ina dariyar abin ni kaɗai. Ita kuwa ta daɗe da wuce wurin nan. In ta saka fuskar aiki, ko bango ya fi ta faɗin abin da ke ransa.

Ban taɓa zaton za ta saka min wannan fuskar ba.

Wata safiya muka tashi muka ga an bi layinmu da jan fenti, kowane shago da alama a goshi. Wani kamfani ne ya saye filin gaba ɗaya, zai gina manyan ɗakunan ajiyar kaya. Aka ce kafin damina kowa ya kwashe. Tela, maƙwabcina, wanda muka tsufa bango ɗaya da shi, ya leƙo yana riƙe da almakashi.

"Mai Akwati, ga karatun 'yarka ya biyo ka har gida. Ka ce ta saka mu a littafi, amma ni a sa hotona na ƙuruciya."

Da yamma ta zo, tana jan akwatinta mai taya ɗaya da ke kukan ɓera. Ta gaishe ni, ta zauna a kan kujerar da masu jiran gyara suke zama. Ta dubi jan fentin ƙofa, ta dubi kantar kayana, ta haɗa hannuwanta a cinya. Sai na ga fuskar tana saukowa a hankali kamar ana rufe shago.

"Baba, akwai hanyoyi uku da na gani. In kana da ta huɗu, ita ma hanya ce."

"Ina jin ki, Uwata."

"Akwai ɗakin haya kusa da kasuwa, na je na duba, da ruwa da wuta. Akwai gidan kula da dattawa a bayan asibiti, da lambu da ma'aikata. Akwai gidanmu, da ni da Likita."

Likita mijinta ne, likitan haƙori.

Na saurara da dukkan kunnena. Ni da nake gane tayar da za ta karye tun daga bakin layi, na kasa jin bambanci ko na ƙwayar gero. Kowace hanya da tsawonta ɗaya, da nauyinta ɗaya. Gidanta ya zo daidai da gidan bayan asibiti, kamar an auna su a sikeli.

Gidanta nake so. Tun da na ga jan fentin nan ban yi tunanin wani wuri ba. Na ga kaina ina shan shayi ina jin motsinta a sama tana neman tabarau, kamar yadda uwarta take yi. Amma wanda ya dasa itace ba ya son ya roƙi inuwarsa. So nake ta ce, Baba, tashi mu tafi. Ko da rabin murya ne.

Na ce, "Ke me kika gani?"

"Ba ganina ba ne, Baba. Rayuwarka ce."

"Ai ina nufin, wanne ya fi sauƙi."

"Sauƙi ga wa?"

Na sunkuya na kama tayar akwatinta ina juyawa. Gashi ne ya naɗe a ƙarfen, wani dogo ja, ba na mutanenmu ba. Na zare shi na ɗaga a haske ina kallo, na ce mata bari in yi tunani. Ta ce in ɗauki duk lokacin da nake so. Shi ma wannan da murya ɗaya ta faɗe shi.

Tela bai sami lokacin tunani ba. Ɗansa direban babbar mota ne, ƙato mai muryar ganga. Wata rana kawai ya faka a bakin layi, ya shiga shagon ya ɗauki keken ɗinki a kafaɗa ya ɗora a mota, Tela yana binsa da zare a baki.

"Kai, ɗan nan, wa ya ce maka zan bi ka? Ajiye min kekena."

"Baba, shiga gaba, akwai matashi."

"Ban gama wandon mutane ba."

"Ka gama a can."

Tela ya zo yi min sallama yana ta ƙorafi. Wai an ɗauke shi kamar buhu, wai yaran zamani ba su san shawara ba. Amma bakinsa ya ƙi rufuwa, har dasashi nake gani.

"Kai ka ji daɗi, Mai Akwati. Taka mai ilimi ce, tambayarka take yi. Nawa jaki ne."

Na ce, "Allah Ya raya jaki."

Ya dube ni da kyau. Mun daɗe tare, ba sai an faɗa ba. Ya ce, "To ka buɗe baki mana. Kai da zif ɗin da ya yi tsatsa ban san wanda ya fi taurin kai ba." Ɗansa ya danna ham, Tela ya tafi yana ɗaga min almakashi ta taga.

A cikin makon ne Uwata za ta yi babbar lacca a jami'a, irin wadda ake gayyatar kowa. Na ce bari in je, wataƙila abin da ba ta faɗa min a shago ba ta faɗe shi a gaban jama'a. Na sa rigata mai kyau, na zauna can baya. Ɗakin taron yana da wata ƙofa mai rufe kanta a hankali, tana huci kamar tsohuwa ta gaji. Na so in tashi in duba yadda aka yi ta, amma aka fara.

Ta yi magana a kan ƙasashe da dokoki, ta nuna zane a bango, layi ja yana hawa, layi shuɗi yana sauka. Wasu wuraren na bi, wasu na tsaya a bakin ruwa. Can sai ta ajiye sandar nuni, ta ce za ta ba da labarin mutum ɗaya.

Wani tsoho ne a bakin wani teku mai nisa, sana'arsa ɗinkin ragar kamun kifi. Manyan jirage suka zo suka kwashe kifin, garin ya watse. 'Yarsa tana aiki a birni, tana son sa ƙwarai. Ta zo ta ɗauke shi ta kai shi gidanta a saman bene, ta saya masa gado mai laushi, ta ajiye masa magani a kan lokaci. Uwata ta ce lokacin da ta fara ganinsa a bakin teku, har rikodarta ta cika bai gama magana ba. Da ta koma ta same shi a gidan 'yar, yana tsaye a taga, hannuwansa suna ɗinka ragar da babu ita. Ta yi masa tambaya, ya ce a tambayi 'yarsa.

"Babu wanda ya zalunce shi," in ji ta. "An dai yanke masa hukunci da ƙauna. Haƙƙin tsoho na farko shi ne a bar shi ya zaɓa, kuma na kusa da shi ne suka fi saurin ƙwace masa."

Aka yi ta tafi. Wata mata a gefena tana share ido. Ni ma na tafa, don ta faɗe shi da kyau, muryarta irin ta uwarta in tana ba da labari. Amma a raina na ce, to, ga amsar. Yarinyar nan ta zagaya duniya ta gano cewa tsoho a gidan 'yarsa gawa ce mai numfashi. Ta rubuta, an buga, manya sun tafa. Ni ne zan zo in sa ta yi abin da ta hana duniya? In ce mata ki ɗauke ni, ta ɗauke ni don kunya, gobe abokan aikinta su ce ga mai wa'azi ga aikinta?

Na same ta a ofis bayan an watse. Littattafai har rufi, a kan tebur akwai wani dutse mai rami a tsakiya da ta tsinto min a wata tafiya na ce ta riƙe. Ta cire takalmi tana murza ƙafa.

"Baba, ashe ka zo. Ka ci wani abu?"

"Na yi tunanin nan, Uwata. Ɗakin kasuwa."

Ta daina murza ƙafar. Ta miƙe zaune, fuskar ta sauko.

"Za ka iya gaya min dalili?"

"Mutum ya tsaya da ƙafarsa. Ya riƙe makullinsa. Kada a yanke masa hukunci."

Na faɗe shi daidai yadda na ji a ɗakin taro, har na ɗan ji daɗin kaina, kamar ɗalibin da ya ci jarrabawa.

Ta ce, "To, Baba."

Shi ke nan. Ta mayar da takalminta, ta kai ni gida a mota, muna hirar ƙofar nan mai huci.

Ta kai ni na ga ɗakin. Ba shi da laifi. An yi masa sabon fenti, famfon banɗaki yana wata 'yar waƙa in an buɗe shi rabi, wannan ya ɗan faranta min. Tagar kuwa bangon wani gini take kallo, in ka miƙa hannu ka taɓa shi. Na tsaya ina tunanin inda zan ajiye gwangwanin shukata ta sami rana. Uwata tana bakin ƙofa tana kallona, ba ta ce yana da kyau ba, ba ta ce ba shi da kyau ba.

Daga ranar haƙorina na can ciki ya fara ciwo. Na daure, na sa gishiri, na sa ruwan ɗumi, ya ƙi. Dole na tafi wurin surukina.

Likita gajere ne mai tumbi, mai fara'a, ba ya iya shiru. Ni da shi akwai kunya tsakaninmu, amma shi kunyarsa da surutu take fita. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya kwantar da ni a kujerar nan tasa mai hawa da sauka, ya haska min fitila, ya cusa min auduga a kumatu biyu, ya rataya min wani ƙarfe mai shan yawu. Sannan ya fara tambaya. Shi aikinsa akasin na matarsa ne. Sai ya cika maka baki yake tambayarka, ya kuma amsa da kansa.

"Baba, yana ciwo? Yana ciwo. Tun yaushe? An kwana biyu. Ka sa gishiri? Ka sa. Duk haka kuke."

Na ce, "Aa."

"Yauwa. Buɗe da kyau. Baba, ka yi haƙuri in ka ga ina aiki a karkace, bayana ne. Me ya same shi? Littattafai. Na wa? Kada ka tambaye ni, an sa na yi alkawari ba zan yi maka maganar gida ba, kuma ba zan yi ba. Maganar baya nake yi, ni likita ne, ina da damar maganar baya."

Ya ɗauki wani ɗan ƙugiya ya shiga ƙwaƙula.

"Ranar da aka shafa muku jan fentin nan, na dawo na tarar ana kwashe ɗakin ƙasa, wanda take karatu a ciki. Wa zai hau da su sama? Ni. Kwali bayan kwali. Aka share, aka wanke, aka sa labule, aka kafa wata doguwar kanta a bango, wai ta ajiye ƙananan abubuwa. Waɗanne abubuwa? Ban sani ba, ni ba ni da idon gilashi. Kurkure."

Na kurkure, na tofar. Kafin in ce uffan ya mayar da audugar.

"Na ce alhamdulillahi, an gama. Washegari ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta daɗe, ta ce a mayar da littattafan. Me ya sa? Wai in wani ya zo ya ga ɗaki a shirye, an riga an sa masa magana a baki. Wa zai sauko da su? Ni. Na ce mata, Farfesa, ni fa haƙori na karanta, ba dako ba. Tun ranar da ta dawo daga laccar nan kuma ba ta cin abincin kirki. Ta zauna tana juya cokali. In na yi magana ta ce mutum ya zaɓa, dole a girmama. Wane mutum? Ban sani ba. Cije nan. Ya yi daidai? Ya yi."

Ya cire audugar, ya sauke kujerar. Na zauna harshena yana lalubar wurin da ya cike. Ya juya min baya yana wanke hannu, ya daɗe yana wankewa.

"Baba, ban faɗi komai ba, ko?"

Na ce, "Ciwon baya ka faɗa. Allah Ya sauwaƙe."

Na koma a ƙasa, ban hau mota ba. Na bi ta gefen tasha ina kallon mutane da akwatunansu. Dariya ta so kama ni. Ita tana tsoron ta zama 'yar mai raga, ni ina tsoron in ɓata mata littafi. Mun tsaya a bakin ƙofa ɗaya, kowa yana ce wa ɗan'uwansa bismilla, har rana tana neman faɗuwa.

Na yi tunanin in je kawai in ce na fasa. Amma na san ta. Za ta ce wa ya yi maka magana, ta gano Likita, ta ce an gurɓata amsar, a sake daga farko.

Ranar kwashe kaya ta zo da safe da tsofaffin jaridu da kwalaye. Layin ya zama kango, shagon Tela babu ƙofa, wata kyanwa ta tare a ciki. Ta tsaya a gaban kantar tana naɗe kayana ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar ƙwai. Na bar ta ta yi nisa, sannan na jawo kujerar masu jira na ajiye a tsakiyar shago.

"Uwata, zauna nan."

"Baba, mota za ta zo."

"Ta jira. Bincike nake yi."

Ta dube ni, ta zauna, da jarida a hannu. Na zauna a kan bencina, na haɗa hannuwa a cinya, na sauke fuskata iya yadda zan iya.

"Ke kin tambayi tsofaffin duniya. Ni 'ya'yansu nake tambaya, kuma da ke na fara. Ba dole ba ne ki amsa. In kin gaji, mu tsaya."

Ta ɗan yi murmushi. "A ina ka koyi wannan?"

"Ba a tambayar mai tambaya. Akwai wani tsoho, an rushe masa shago. Akwai ɗakin kasuwa. Akwai gidan bayan asibiti. Akwai gidan 'yarsa. Ita 'yar, me take so?"

"Baba, ba ita ce..."

"Shi an riga an tambaye shi. Yanzu layinta ne. Ko ita ba ta da haƙƙi? A wane littafi aka cire ta?"

Na ga tana neman fuskar aikin nan, tana jawo ta, fuskar tana zamewa. Ta dubi jaridar hannunta ta shiga ninke ta, ta ninke, ta sake ninkewa har ta ƙi ninkuwa. Ni kuwa na yi shiru. Ashe shirun nan aiki ne mai wuya, gara a ba ni zif goma masu tsatsa.

"Tana so ya zo," ta ce, muryarta ƙasa ƙasa. "Tun ranar farko take so. Har ta ji haushinsa da ya ce kasuwa."

Ban gyaɗa kai ba. Wuyana har ciwo yake.

"Amma tana tsoro, Baba. Rabin shekara ba ta gari. Gidan shiru ne, katanga doguwa, babu tasha, babu Tela, babu mai shigowa da karyayyen akwati yana ba ka labarin inda ya fito. Kai da mutane kake rayuwa. Na ga abin da shiru yake yi wa irinku, ba sau ɗaya ba, ba a ƙasa ɗaya ba. In na dawo daga tafiya na same ka tsaye a taga, na yi maka magana ka ce a tambaye ni, ban san inda zan sa kaina ba."

Hawaye ya zubo mata, ta share da bayan hannu, tawadar jarida ta ɓata mata kunci. Farfesa guda, da baƙi a fuska kamar ranar da ta fara zuwa makaranta.

Na ce, "To, an gode, an gama da ke. Shi ma tsohon yana so ya gyara amsarsa. Waccan satar amsa ya yi a ɗakin taro."

Ta yi dariya cikin kuka. "Na sani. Kalma da kalma ka kwashe. Na ce ko dai ka yarda da ita ne."

"Na yarda da ita a kan mai raga. Ni ban san teku ba. Gidanki nake so, Uwata, tun kafin fentin ya bushe. Abin da kike tsoro kuma ban ce ƙarya ba ne. Wataƙila in yi shirun. Ban taɓa tsufa ba sai wannan karon, ban san yadda zai kaya ba. In kin ga na fara, ki sake tambayata. Amma ki tambaye ni da fuskarki ta gida. In na ga kina so, ba dole ne in bi ba. Uwarki ta shekara nawa tana nuna min abin da take so ƙarara, kin ga na taɓa bi?"

"Ko sau ɗaya," ta ce, tana jan hanci.

A waje wani yana ɓamɓare kwanon rufin shagon mai walda, ƙarar tana zuwa tana tafiya. Na ga har yanzu akwai sauran damuwa a goshinta.

Na ce, "Tagar ɗakin ƙasan nan na gidanki, me take kallo?"

"Titi. Amma ba kowa a titin, Baba, gaskiya nake gaya maka. Motar shara, sai wani mutum mai furfura da yake wucewa da gudu kowace safiya."

"Wa yake korarsa?"

"Ba kowa."

"Me yake bi?"

"Ba komai. Ya je ƙarshen layi ya juyo."

"Da gudu?"

"Da gudu. Da gajeren wando."

Na auna abin. Mutum da furfurarsa, ba a kore shi ba, bai yi mantuwa ba.

Na ce, "Wannan sai na zauna na gani da idona. Zai ɗauke ni lokaci kafin in gane kansa."

Motar kaya ta tsaya a ƙofa, direban ya leƙo ya ce kasuwa aka ce, ko? Uwata ta tashi, ta fita da baƙin tawadarta a kunci, na ji tana yi masa kwatancen wata hanyar.